Kwali na Sha Bakwai

Kwali arba'in da ɗaya aka sauke mana
daga bayan motar jikansa,
ranar da ƙanƙara ta rufe Detroit ruf.
Na sa hannu a takarda, na zura safar hannu.
Tun kafin in yanke igiya warin tsami ya tare ni,
warin zaren kaset da ya gaji da jira.

Lucius Tarrant.
Shekara hamsin yana hura saksafon
irin hurawar da ba a rawa da ita.
Ya taɓa cusa safa a bakin ƙahon,
ya ja sarƙar keke a kan wayoyin fiyano,
ya sa mai ganga ya ajiye sanda ya ɗauki cokula.
Mutum tara suka zo a daren, uku suka kai ƙarshe.
Da fensir ya rubuta haka a bayan kwalin,
ya ja layi biyu a ƙarƙashin ukun.

Zaren ya manne wa juna kamar danƙo.
Sai da muka gasa shi, gashi na gaske,
a ɗan murhun lantarki, wuta kaɗan-kaɗan, kwana da yini,
ni da Priscilla muna gadi kamar masu jinya.
In ya huce, wani sau ɗaya yake yarda ya juya.
Hannu ya yi rawa, shi ke nan.

Takardar rajista tana tambaya:
Suna? Tsawo? Nau'i?
Shi kuwa ga abin da ya bar mana:
"Talata, bayan haƙori ya daina ciwo."
"Odessa na fushi."
"Kada a saurara da rana."
A wane gurbi zan cusa waɗannan?

A kwali na sha bakwai na tarar da wani shuuu
da ya bi kiɗan tun daga fari har ƙarshe.
Kwamfuta ta ce datti ne. Na yarda da ita.
Na goge shi tas, na ji daɗin aikina,
sai dai ƙahon ya koma kamar tsoho a tashar bas
yana amsa tambayar da ba wanda ya yi masa.

Odessa ta zo ranar Alhamis,
shekara tamanin da shida, sanda a hannu.
Ta ƙi cire hular cocinta,
a kanta muka ɗora abin sauraro.
Minti ɗaya bai cika ba ta ɗaga yatsa:
"Ina bututun?"

Na yi zuru.

"Bututun ɗumama ɗaki, yarinya.
Mai gidan hayar ba ya kunna shi sai Nuwamba.
Duk bazara Lucius jiransa yake,
ya ce a garin nan shi kaɗai ne ba ya katse masa magana.
Abokin hirarsa kika share."

Na mayar da dattin inda na same shi.
Sai ga su su biyu:
ƙarfe na huci, tagulla na ba shi amsa,
wannan ya yi tari, wancan ya dakata masa.
A minti na sha tara ƙofa ta yi ƙara,
wata murya, matashiya, daga nesa:
"Lucius, miya fa ta huce."
Ƙahon ya yi ƙasa da murya, sau ɗaya,
kamar mai cewa ga ni nan.

Ta sauke abin sauraron a hankali,
ta gyara hula.
"Bai zo ba," ta ce. "Sai ƙarfe biyun dare."

An rushe gidan tun tuni, filin ajiye motoci ne yanzu.
A gurbin makaɗa na rubuta:
L. Tarrant, saksafon.
Bututun ɗumama, hawa na uku.
Odessa Tarrant, murya.

Priscilla ta leƙa ta kafaɗata, ba ta ce komai ba.
Ta je ta kunna murhu.
Saura kwali ashirin da huɗu.